Gyaran kundin tsarin mulkin 1999: na talaka ne ko na masu kujera?

Malamin Siyasa: Jama'a, ga da'awata, wanda ke da hujja ya rushe ta. Tun 2010 ake yi wa kundin tsarin mulkin 1999 kwaskwarima, amma duk gyaran da ya tsallake na masu mulki ne: wa zai hau, wa zai riƙe ƙwarya, shekara nawa za ka kai kafin ka tsaya takara, yaushe za a yi zaɓe. A nuna mini haƙƙi guda ɗaya da aka ƙara wa talaka wanda zai iya shiga kotu ya nema.

Barista: Malam, kafin a zargi kowa a fara duba sashe na 9, wanda ya shimfiɗa yadda ake gyara kundin, domin a nan ƙofar take. Gyara na yau da kullum yana buƙatar biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa: sanatoci 73 cikin 109, 'yan Majalisar Wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Amma in za a taɓa Babi na Huɗu, inda haƙƙoƙin ɗan ƙasa suke, ko sashe na 8 mai magana kan ƙirƙirar jihohi, ko shi kansa sashe na 9, sai an sami huɗu bisa biyar: sanatoci 88, wakilai 288. Kuma lissafin ba da waɗanda suka halarci zama ake yi ba, da cikakken adadin kujeru ake yi, ko da wata kujerar babu kowa a kanta. Wanda bai zo ba ranar ƙuri'a tamkar ya ce a'a ne. Sanatoci 22 su yi zamansu a gida, magana ta mutu. To ka ga dalilin da ya sa gyaran ofishin shugaban ƙasa ke wucewa, na haƙƙi yana maƙalewa.

Malamin Siyasa: Ai ka ƙara mini hujja ne, Barista.

Barista: A'a. An tsaurara ƙofar ne don kada wata majalisa ta wayi gari ta zaftare haƙƙin da ke akwai. Katangar da ta hana ƙari ita ce ta hana ragi.

Tsohon Akawun Majalisa: Ni inda na saɓa da Malam shi ne raba gyaran kujerar shugaban ƙasa da amfanin talaka. A tuna sashe na 145. Asalin rubutunsa cewa ya yi idan shugaban ƙasa ya aika wa shugabannin majalisun biyu wasiƙar zai tafi hutu ko ba zai iya aiki ba, mataimakinsa zai zama muƙaddashi. Bai ce dole ya aika ba, bai kuma faɗi abin da za a yi in ya ƙi ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamba 2009 babu wasiƙa, ƙasa ta shafe fiye da wata biyu ba mai cikakken ikon sa hannu, har sai 9 ga Fabrairu 2010 da majalisa ta fake da hujjar larura ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi, abin da babu shi a rubuce ko'ina cikin kundin. Gyaran farko na 2010 ya toshe wannan kafa: aika wasiƙar ya zama wajibi, in kwana 21 suka wuce ba a aika ba, kowace majalisa za ta iya zartar da ƙudiri da rinjaye mai sauƙi ta miƙa wa mataimaki ragamar. An ga aikinsa zamanin Buhari. Yemi Osinbajo yana muƙaddashi ne a watan Agusta 2018 ya sallami Lawal Daura daga shugabancin hukumar tsaro ta farin kaya, ranar da jami'anta suka tare ƙofar Majalisar Tarayya. Ƙasa ta san wa ke riƙe da ita kullum, wannan ba amfanin talaka ba ne?

Hajiya: Yallaɓai, amfani ne, amma ba haƙƙi ba ne, kuma tambayar Malam kan haƙƙi take. A duba sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya za ta iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan hanyar. Wannan sashe ba ya cikin Babi na Huɗu, biyu bisa uku kawai yake buƙata, amma a watan Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da gyaransa tare da sauran ƙudirorin mata, har da na ware musu kujeru. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Don haka Barista, ba tsayin katanga kaɗai ba ne. Inda take gajera ma ba su tsallaka ba.

Barista: Wannan kam na sallama, Hajiya. Amma akwai rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Haƙƙin tsayawa takara haƙƙi ne, kuma kotu na tilasta shi.

Malamin Siyasa: Sanatoci sun bar tasu kujerar a 35, ta gwamna ma haka. Sannan matashin mai shekara 25 sai ya bi ta jam'iyya, tunda ɗan takara mai zaman kansa bai samu shiga ba, a APC kuwa fam ɗin takarar shugaban ƙasa a 2022 naira miliyan 100 ne. Amma babbar hujjata ita ce 2015. Majalisa ta bakwai ta haɗa gyara mai ɗauke da haƙƙin ilimin farko kyauta da kiwon lafiya a matakin farko, jihohi suka amince. Jonathan ya ƙi sa hannu. Cikin dalilansa har da cewa ba a nuna an cika huɗu bisa biyar ba wajen taɓa sashe na 9, domin cikin ƙunshin akwai cire sa hannun shugaban ƙasa daga gyaran tsarin mulki. Aka tafi Kotun Ƙoli, wa'adin majalisa ya ƙare, komai ya bi ruwa.

Tsohon Akawun Majalisa: Kuskuren dabara ne ya kashe shi. Sun cusa komai cikin ƙudiri ɗaya, wanda ya ƙi abu guda dole ya ƙi duka. Shi ya sa daga majalisa ta takwas aka koma rarraba su, kowane gyara da ƙudirinsa. A haka Buhari ya sa hannu kan 16 a watan Maris 2023: jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali suka koma jerin abubuwan da jihohi ma za su iya yi wa doka, aka faɗaɗa ikon jihohi kan lantarki, aka kuma wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60 da rantsuwa. A 2015 sai ƙarshen Satumba Buhari ya aika sunayen farko. Tinubu da aka rantsar 29 ga Mayu 2023 ya aika rukunin farko na nasa kafin Yuli ya ƙare. Inda gyaran ya yi sako-sako: bai tilasta haɗa kowane suna da ma'aikatarsa ba, sai a tantance mutum ba a san aikin da za a ba shi ba.

Hajiya: Cikin 16 ɗin har da na wadatar abinci. Ina aka ajiye shi? Babi na Biyu, inda aka jera manufofin da gwamnati za ta sa a gaba. Sashe na 6(6)(c) kuwa ya hana kotu sauraron ƙara kan ko gwamnati ta cika abin da ke wannan babin. Ilimi, lafiya, abinci, duk a can suke kwance.

Barista: Akwai ƙofar baya da mutane ba su cika sani ba. A shari'ar jihar Ondo da gwamnatin tarayya kan dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2002, Kotun Ƙoli ta nuna cewa majalisa na iya yin dokar da za ta raya abin da ke Babi na Biyu, daga nan ya zama abin tilastawa. A kan irin wannan turba Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2017 cewa ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne, saboda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Doka ta yau da kullum rinjaye mai sauƙi take buƙata, ba 88 da 288 ba.

Malamin Siyasa: Rinjayen da ya yi ta shi zai iya soke ta gobe, Barista. Kuma dokar 2004 ba gyaran tsarin mulki ba ce. Har yanzu ina jiran haƙƙin nan guda ɗaya da aka ƙara a Babi na Huɗu.

Barista: Babu, Malam. Na rage shekaru yana sashe na 65, na 106 da na 131 ne. A Babi na Huɗu ba a ƙara sabon haƙƙi ba.