Wata huɗu da karɓar ɗarika, har yanzu bakina ne kaɗai ke zikiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ne a Fagge, shekarata 27. Bayan rasuwar mahaifina na karɓi Tijjaniyya a hannun muƙaddamin (malamin da ke ba da izinin wuridi) zawiyar da yake zuwa, carbinsa ma nake ja. Lazimi bai taɓa wuce ni ba: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa kuma, wato zikirin da ake yi a jam'i, kullum bayan magariba da ni ake yi. Amma zuciyata ba ta wurin. A shimfiɗa farin ƙyalle a fara salatin Jauharatul Kamali, na kusa da ni yana hawaye, ni kuwa ina lissafin ɗinkin da zan bayar gobe. Har nakan ce ko don Baba na shiga, ba don Allah ba. Kunya ta hana ni faɗa wa Malam. Haka kowa ke farawa?

Wani dattijo daga Gusau:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Tuna sharuɗɗan da aka karanta maka ranar da ka karɓa: salla a kan lokaci, biyayya ga iyaye, kada ka haɗa da wuridin wata ɗarika, kada ka bari har mutuwa. Ka ji kuka a ciki? Na kusa da kai ɗin ma, wa ya sani, ƙila bashi ne ya sha masa kai. Na haura shekara 30 ina wazifa, har gobe akwai ranar da hankalina ke tafiya gona ya bar ni zaune. Abin da nake zargi gudu ne. Ku matasa kuna jan carbi kamar kuna taka keken ɗinki. In ana tambayarka ma'anar Salatul Fatihi kalma-kalma, za ka iya? In ba za ka iya ba, sami mai fassara maka ita, sau 50 fa kake karanta ta a kowace wazifa. Shehu Ahmadu Tijjani kansa, da aka haifa a 1737, ya bi ta hannun malamai da ɗariku da dama, sai da ya haura arba'in kafin wannan hanya ta bayyana a hannunsa. Kai wata huɗu.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi:
Ƙanena, shiga saboda Baba ba aibu ba ne, yawancinmu a gida muka tarar. Ni sai da na fara girki ranar zikirin Juma'a na san mutanen zawiyarmu ɗaya bayan ɗaya, daga nan zaman ya daina yi mini nauyi. Kai da kake da keke a hannu, babu almajiri mai yagaggiyar riga a wajenku?

Wani ɗan'uwa daga Jos:
Ni ba ɗan ɗarika ba ne, kuma ina da ja a kan wasu abubuwa, amma ba shi ka tambaya ba. Duba sallarka. In ɗinki na biyo ka har sujada, to ba wazifa ce matsalar ba.

Wani ɗan faira (mabiyin Shehu Ibrahim Inyass) daga Zariya:
Malam tela, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aikin muƙaddami ke nan, kuma ba kai ne farkon wanda ya kai masa wannan kuka ba. Hattara da masu ce maka ka shiga tarbiyya, wato horon ruhi na musamman, gobe-gobe a yi maka buɗin zuciya. Tarbiyya a hanyar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da izini ake yin ta, a hannun wanda ya san halinka. Kada ka ɗauki wani zikiri a WhatsApp ka ƙara wa kanka.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba na Gusau, ka kama ni, ban san fassarar ba, kuma a shago nake yin lazimin yamma, mutane na shiga suna fita. Yau zan gwada shi a masallaci bayan la'asar. Yaya, ƙyallen zawiyarmu ma bakinsa ya zare, na daɗe ina gani. Zan karɓo shi in ya so in fake da hakan in yi wa Malam maganar.