Taɓin hankali a cikin labari: abin da aka tattauna

Muhawarar da aka yi kan yadda marubuci zai nuna taɓin hankali a cikin labari ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a daina kawo mahaukacin kan bola mai tsumma don a ba mai karatu dariya. Da yawa daga masu lalurar suna gida, suna sallah, suna zuwa aiki.

2. A shiga cikin kan jarumar, a gani da idonta. Wata ta kawo misali: mace na tuƙa tuwo, sai ta ji mahaifiyarta da ta rasu tana kiranta daga ɗaki. Ta ce "na'am, Inna", ta ajiye muciya ta tafi. Kada marubuci ya gaya mana ba kowa a ɗakin. Ƙaurin tuwon da kallon da kishiya ta bi ta da shi sun isa. Ni dai wannan ya fi kama ni.

3. A rikita lokaci, azahar ta biyo bayan isha'i, magana ta katse a tsakiya. Wasu sun ce in ya yi yawa, mai karatu zai ajiye littafin.

4. Nan aka rabu: aljanu ne ko ciwo? Wasu na son a bar mai karatu yana wasiwasi tsakanin mai ruƙiyya da likita. Wasu suka ce sam, a kai jarumar asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, a nuna maganin da kasalar da yake saukar mata.

5. Wani ya tuna mana cewa sai a 2023 Najeriya ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, don haka mai rubuta labarin shekarun baya ya kula.