Ƙanena zai tafi karatu garin da rana ke ɓuya kusan wata biyu, me za mu shirya masa?

Yaya Babba, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu gurbin digiri na biyu a jami'ar Tromso da ke arewacin Norwe, zai tashi a Agusta in Allah ya kai mu. Tun da Hajiya ta ji an ce akwai lokacin da rana ba ta fitowa a can, hankalinta ya ƙi kwanciya. Yaron nan ko ɗarin Katsina na Janairu sai da kaskon wuta yake kwana. Da gaske ne maganar duhun? Wane kaya za mu saya masa kafin ya tafi? Salla da azumi fa? Sannan koren hasken nan na sama da yake nuna mana a waya, haɗa shi aka yi ko akwai shi?

Malamin Jogurafi, Daura:

Wa alaikumus salam Yaya Babba, Allah ya sa albarka a karatun. Duhun gaskiya ne. Duniya a karkace take da digiri 23.4, shi ya sa duk garin da ya wuce wajen digiri 67.5 ta arewa yake da kwanakin da rana ba ta ɓullowa. Katsina tana kan digiri 13, Tromso kusan 70. Daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba a ganin ƙwayar rana, duwatsun kudu da garin ma suna ƙara 'yan kwanaki. Amma ku faɗa wa Hajiya ba baƙi ƙirin ba ne awa 24. Ko a ƙarshen Disamba, daga wajen 9:30 na safe zuwa kusan 2 na rana akwai wani shuɗin haske irin na bayan sallar asuba. Daga 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli kuma rana ba ta faɗuwa sam.

Sanyin Tromso bai kai yadda ake zato ba. Ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga kudu yana sassauta shi, a Janairu yakan tsaya wajen digiri 4 ƙasa da sifili. Can cikin tudu nesa da teku ne abin yake, a garin Karasjok na Norwe an taɓa auna 51.4 ƙasa da sifili a 1886. Abin da ke wahalar da baƙo a Tromso iska ce da laima da santsi. Digiri 10 ƙasa da sifili, in iska na gudun kilomita 30 a awa, jiki kamar 20 yake ji.

Kada ku ɓarnatar da kuɗi a kasuwa nan. Agusta ba sanyi sosai, yana da wata biyu ya yi sayayya a can, a shagunan gwanjo irin su Fretex ko shafin Finn. Hawa uku ake sa kaya. Na jikin fata, riga da dogon wando na ulu masu kama jiki. Na tsakiya suwaita mai kauri. Na waje jaket mai tare iska da ruwa. Kuskuren mutanenmu shi ne singiletin auduga a ciki: ya yi sauri zuwa tashar bas ya yi gumi, audugar ta sha ta riƙe, da ya tsaya jira sai ta zame masa jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ulu ko ya jiƙa yana riƙe ɗumi. Shadda da hular zanna sai ranar Juma'a, su ma a kan ulun.

Takalmi ya ɗara lambarsa da ɗaya, don safar ulu ta shiga yatsu su motsa. Matsattsen takalmi yana tare jini, ƙafa ta fi saurin daskarewa a cikinsa. Safar hannu mai haɗa yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarrabe su. Ya sayi ƙarafunan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, brodder suke ce musu, domin dusar ƙanƙara takan narke da rana ta sake daskarewa, titi ya zama kamar madubi. Sai ɗan abin ƙyalli da ake ratayawa a jaket. Ba wasan yara ba ne: in babu shi, direba ba ya hango mai tafiya sai a mita 25 zuwa 30, da shi kuwa tun daga mita 140.

Anti Nas, Ƙofar Ƙaura:

Malam ya gama da kaya. Ni maganar kaskon nan ce ta tsaya mini. Yaya Babba, ka zaunar da shi ka ja masa kunne: gawayi ko garwashi ba sa shiga ɗaki a can, ko na minti biyar. Ɗakunanmu na nan iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da rufi, duk da haka ana samun waɗanda suka kwana da gawayi ba su tashi ba. Nasu a liƙe suke ruf. Gubar gawayi ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri ne, sai barci. Ɗakin yana da hita, ta isa, amma kada ya shanya kaya a kanta, gobara ce. Turaren wuta ma ya haƙura, ƙararrawar hayaƙi za ta tashi duk ginin. In zai yi tafiya kada ya kashe hita ko ya bar taga a buɗe, ruwan bututu in ya daskare yana kumbura ya fasa shi.

Sai bitamin D. Daga Oktoba zuwa Maris hasken can ba ya sa fata ta haɗa shi, baƙar fata kuma ta fi buƙatar rana. Hukumomin lafiyarsu maikrogiram 10 a rana suke ba babba shawara, 20 ga wanda ba ya samun rana sosai. Kada ya wuce 100. Ƙwaya ko man hantar kifi da suke kira tran, duk ɗaya. Alamar ƙarancinsa kasala da ciwon ƙashi da na tsoka, in ya ji haka ya nemi gwajin jini.

Duhu yana rikita barci, don jiki da hasken safe yake saita agogonsa. Ya tsayar da lokacin tashi guda ko ba lacca. Ya fita waje a ɗan hasken tsakar rana ko da rabin awa ne. Akwai fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000 (ma'aunin haske ne), ana zama gabanta minti 20 zuwa 30 da safe, ba da dare ba, in ba haka ba ta kore barci. In ya yi mako biyu yana ƙunci, ya daina cin abinci ko zuwa aji, wannan na likita ne. Ku riƙa kiransa ta bidiyo kuna ganin fuskarsa, don yaranmu “lafiya lau” kawai suka iya.

In sanyi ya ci yatsa ko kunne ko hanci, wurin zai mutu ba ya ji, a fatarmu ya yi toka-toka ya taurare. Ba a murzawa, ba a kara shi a wuta ko hita, zai ƙone bai sani ba. Ruwa mai ɗumi na digiri 37 zuwa 39 ake tsoma shi, in ya yi bororo a tafi asibiti. Man kaɗanya kam ku cika masa roba, iskar ɗaki mai hita ta fi hunturu fasa fata.

Alaramma, Unguwar Alƙali:

Game da salla, malamai sun dogara da hadisin Dujal da ke Sahihu Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, Manzon Allah (SAW) ya ce a'a, a ƙaddara masa gwargwadonsa. To salloli biyar ne a kowace awa 24. Saɓanin yana wajen abin da za a ƙaddara da shi: wasu sun ce gari mafi kusa da dare da rana ke bambanta, wasu sun ce Makka. Akwai masallaci a Tromso, Alnor, kuma lokacin Makka suke bi in alamomi sun ɓace. Ya karɓi jadawalinsu ya bi jama'a, kada ya dogara da manhajar waya, a irin wannan wuri takan ba da lokutan da ba su da kai. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, na 2030 a farkon Janairu zai kama, cikin duhun ke nan.

Alƙibla a can ba gabas ba ce, kudu ce ta ɗan karkata gabas, wajen digiri 154 a kamfas. Ya samu huffi na fata mai rufe idon sawu, ya sa shi bayan cikakkiyar alwala, sai ya riƙa shafa. Kuma ya tsane jikinsa sarai kafin ya fita.

Mai Hoto, Sabon Layi:

Hasken akwai shi, orora ake ce masa. Rana tana feso ƙananan ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya ya karkata su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iska a tsayin kilomita 100 zuwa 300. Oksijin ke ba da kore, can sama sosai ja, naitrojin kuma shuɗi da shunayya. Sai dai kyamara tana ƙara masa gishiri, don tana tara haske na daƙiƙu. Mai rauni a ido kamar farin hayaƙi yake, mai ƙarfi ne ke fitowa kore shar yana kaɗawa kamar labule.

Daga Satumba zuwa Maris ake ganinsa, galibi tsakanin 9 na dare da 1. Akwai ma'aunin Kp daga 0 zuwa 9 da ake hasashen ƙarfinsa da shi, amma Tromso tana ƙarƙashin zoben da hasken ke yi kewaye da ƙuryar arewa, 1 ko 2 ya wadatar. Gajimare ne matsalar, ya duba manhajar hasashen yanayi ta Yr, ya nisanci fitilun gari. In da kyamara: ya kafa ta a ƙafa uku, ISO 1600, buɗin ido 2.8, daƙiƙa 5 zuwa 10, ya saita gani da hannu a kan tauraro. Batir ya zauna a aljihun ciki, sanyi na shanye shi. Kafin ya shiga ɗaki ya sa kyamarar a leda ya ɗaure na awa guda, in ba haka ba raɓa ta taru a cikinta.

Yaya Babba, Ƙofar Marusa:

Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta ce to a bar kaskon, amma ta riga ta ba da aikin kilishi da man shanu na guzuri.

Malamin Jogurafi, Daura:

Ku cinye abinku a gida. Norwe ba ta barin shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashen da ke wajen Turai, kwastan za su karɓe a filin jirgi. Kuɗin kilishin a ba shi ya ƙara a na takalmi.