Keken kaɗi ko mazarin lantarki? Da sunan rigar masuntan Birtaniya

Jama'a, assalamu alaikum. Abubuwa biyu nake so mu raɗa wa suna, kuma tare suke tafiya. Na farko wata 'yar na'ura ce da masu kaɗin ulu da hannu a Turai da Amurka suka runguma, suna ce mata e-spinner. Na biyu rigar sanyi ce da masuntan bakin tekun Birtaniya suka gada kaka da kakanni, wadda suke kira gansey. Masu fassara labaran sana'ar hannu suna ta cin karo da su, kowa na rubuta abin da ya zo masa baki. An ce injin zare, an ce mazarin zamani, wani ma ya ce suwaitar kamun kifi. A muhawarar da muke yi a nan ma an kawo injin kaɗi, wani Malam ya kawo mazarin lantarki, wata Yaya ba ta yarda a ce wa na'urar keke ba, wata Hajiya kuma ta ce rigar a kira ta rigar masunta. Bari mu duba jaririn tukuna kafin a yanka rago.

Na'urar ƙarama ce, a kan tebur ake ɗora ta, wata ma jaka takan shiga. Ba ta da babbar taya irin ta tsohon keken kaɗin Turawa, ba ta da abin takawa. Ɗan inji ne a cikinta yake juya wani katako mai hannu biyu, a tsakiyar hannayen kuma akwai kwarkwaron da zare ke naɗuwa a jikinsa. Daga gaba akwai 'yar kafa da zaren ke shiga. Mai kaɗi tana zaune da ulu a hannu, tana jan gashin kaɗan-kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, na'ura na murɗawa tana haɗiye abin da ya murɗu. Akwai maɓallin ƙara gudu da ragewa, akwai na sauya juyi daga dama zuwa hagu. Sannan akwai wata 'yar igiya da ke danne kwarkwaron, ita ke ƙayyade ƙarfin da zai ja zaren daga hannu. In ta yi tsauri, zaren ya fizge ya tsinke. In ta yi sako-sako, ya ƙi shiga, murɗi ya yi masa yawa ya fara ƙudundunewa. Kamfanin Ashford na ƙasar Niyu Zilan yana ƙera irinta, akwai kuma Electric Eel Wheel ta Amurka da ake iya kunnawa da batir.

Ku riƙe wannan, domin a kansa gardamar take: kaurin zaren da sirantakarsa da santsinsa duk daga yatsun mai kaɗi suke fitowa. Juyi kawai aka ɗauke mata.

Shi ya sa injin kaɗi bai kwanta mini ba. Bahaushe in ya ji inji da zare a jimla ɗaya, masaƙun Kakuri hankalinsa zai tafi, irin Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, inda a da auduga ke shiga ta nan zare ya fito ta can, ba wanda ya ja shi da yatsa. A bar wa masana'anta sunanta.

Malam, kai da ka kawo mazarin lantarki, Allah ya ƙara basira, sunan ya yi daɗin faɗa har na so in bi ka. Amma mazari yana da halinsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya san aikin hawa biyu ne. Za ta dangwali alli, ta murza mazari, ta yi ta ɗaga hannun da ke riƙe da auduga har ya kai iyakar tsawonsa, sai ta dakata, ta naɗe abin da ta kaɗa a jikin mazarin, sannan ta sake murzawa. Wannan na'ura kuwa ba ta dakatawa, murɗi da naɗi lokaci guda take yinsu. Dabarar katako mai hannu biyu da kwarkwaro a tsakiya daga keken kaɗin Turai ta fito, kuma zanenta mafi daɗewa da aka sani daga Jamus yake, wajejen 1480. Abin da aka yi a zamaninmu shi ne an cire taya da mataki an sa lantarki a gurbinsu. In muka ce mazari, mai karatu zai hango siririn tsinke mai dunƙulen yumɓu a gindi, ba abin da ke kan teburin ba ke nan.

Ni dai keken kaɗi na lantarki nake goyon baya, a baka kuma keken kaɗi na wuta, ko keken kaɗi kawai in babu abin da zai rikita mai ji. Na ga ƙorafin Yaya da ta ce ina keke ba taya? Yaya, ai keke ya daɗe da rabuwa da taya a bakin Hausawa. Keken rubutu wace taya gare shi? Keken saƙa fa? Tela ya sayi keken ɗinki mai aiki da wuta, ba mataki ba komai, har gobe keke yake ce masa. Abin da ya haɗa su duka shi ne na'ura ce madaidaiciya da mutum ɗaya ke zama a gabanta, tana taimaka masa, amma gwaninta a hannunsa take. Wannan kuwa shi ne siffar abin da muke nema wa suna, ba ragi ba ƙari.

Kafin mu je ga rigar, a gyara wani abu game da ulu. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu, wanda ake saƙa hular jarirai da safa da shi, zaren roba ne na masana'anta. Tumakinmu kuma, ko Balami ko Uda ko 'Yankasa, gashi gare su gajere, ba irin mai laushi da ake sausayewa a kaɗa ba. Don haka mai fassara in yana maganar abin da ake kaɗawa a wannan keke, ya ce ulun tumaki, ko da sau ɗaya ne a farkon rubutu.

Sauran kalmomin aikin ba sai mun ara ba, muna da su a gida. Ana shirya ulu ta hanya biyu. Akwai wanda ake shiɓewa ya tashi ya yi sakayau, zarensa ya fito da laushi da iska a ciki, kusan abin da muke kira abawa a auduga. Akwai wanda ake tajewa, a fitar da gajerun gashi, dogayen su kwanta a jere, zarensa ya fito sumul da ƙarfi. To shiɓaɓɓen ulu da tajajjen ulu, magana ta ƙare. Haɗa sili da sili a murɗe su tare kuma tufka ce, kamar yadda ake tufka igiya. Ana kaɗa kowane sili ta ɓangare ɗaya, in an zo tufka sai a juya akasin haka don murɗin ya daidaita, wannan ne amfanin maɓallin sauya juyi da na ambata. Zaren rigar masuntan nan na gargajiya tajajjen ulu ne, sili biyar, mai tsananin murɗi. Wadda ta ƙudura za ta kaɗa shi da kanta, sai ta kaɗa siraran sili biyar kowanne da tsawon zaren rigar gaba ɗaya, sannan ta zauna tufka. Wasu sukan tsaya a uku. Nan za ka gane dalilin da ya sa mai irin wannan buri take sayen keken wuta.

Yanzu rigar. Sunanta daga tsibirin Guernsey ya fito, wanda ke tekun da ya raba Ingila da Faransa. Maƙwabcinsa kuma shi ne tsibirin Jersey, kuma daga can ne kalmar jesi ta samo asali, wadda yaranmu ke sawa su tafi ƙwallo. Ashe mun riga mun karɓi ɗaya daga cikin tagwayen ba tare da wata gardama ba.

Hajiya ta ce a ce rigar masunta a huta. Ranki ya daɗe, matsalar ita ce masuntan da muka sani, na Argungu da Yawuri, tuɓe riga suke yi su faɗa ruwa. Na Birtaniya kuwa jirgi suke shiga su tafi cikin Tekun Arewa, iska mai sanyin ƙanƙara na dukansu, ruwan gishiri na fantsamo musu. Suwaita kuma ta yi faɗi da yawa, duk rigar sanyin da ke cikin dilar gwanjo suwaita ce.

Wannan rigar tana da ƙa'idojinta. A zagaye ake saƙa ta da siraran tsinkayen ƙarfe huɗu ko biyar masu tsini a kai biyu, babu ɗinki a jikinta ko ɗaya. Saƙar a matse take ƙwarai don iska kada ta ratsa, launinta galibi shuɗi ne mai duhu. A ƙarƙashin hammata ana saƙa wani ƙari mai kusurwa huɗu, don mutum ya ɗaga hannu ya ja taru ba tare da rigar ta ɗage ko ta yage ba. Hannun rigar daga kafaɗa ake fara shi a gangaro zuwa wuyan hannu, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi burge ni: in bakin hannu ya cinye, sai a warware daga ƙasa a sake saƙa wurin kaɗai. Hannayen sukan ɗan gaza kaiwa wuyan hannu, don kada su jiƙe su goge wa mutum fata. Ado a ƙirji da kafaɗa ya fi yawa, inda ake son kauri, da siffar tsani da igiya da idon taru da ƙugiyar tsayar da jirgi. Wasu sukan saƙa haruffan farko na sunan mai ita can ƙasa kusa da ƙugu.

Garuruwa irin su Whitby da Filey da Staithes a gabashin Ingila, da Polperro a kudu maso yamma, da tsibirin Eriskay a Sikotlan, duk sun yi suna da ita. Hotunan da Frank Meadow Sutcliffe ya ɗauka a Whitby a ƙarshen ƙarni na 19 suna cike da masunta sanye da ita. Kafin yaƙin duniya na farko da ya fara a 1914, 'yan matan Sikotlan masu feɗe kifin herin sukan bi jiragen su daga Shetland har Great Yarmouth, uku-uku suke aiki, biyu na feɗewa ɗaya na jerawa a ganga da gishiri. Da sun sami sarari sai su zaro tsinkaye su hau saƙa, a tsaye ma ko suna tafe. Ta haka ado ke tashi daga wannan gari ya sauka a wancan. Saboda haka in kun karanta cewa kowane gari da kowane gida na da adonsa da ba ya canzawa, har da shi ake gane gawar wanda ruwa ya ci, ku sa wa maganar gishiri kaɗan in kuna fassarawa, ku ce ana cewa.

Kada kuma a haɗa ta da rigar tsibiran Aran na yammacin Ailan, fara mai kaurin saƙa da manyan igiyoyi. Waccan ƙanwa ce, a farkon ƙarni na 20 ta bayyana. Amma su ma mutanen Ailan da suka tashi sa wa rigar sanyi suna a harshensu, wannan kalma ta Guernsey suka ara suka lanƙwasa ta yadda bakinsu zai iya.

Abin da nake ganin mu ma ya kamata mu yi ke nan. Tufar da ke ɗauke da sunan garinsu, ga tsarin saƙa nata na kanta, ba a fassara ta, ara ake yi. Mu ce gansi. Turawa da z suke furta ta, wani zai ce to ganzi, amma ita ma Jersey da z suke faɗa, bakinmu ya mai da ita jesi, sai gansi ta bi sahun 'yar'uwarta. A yi mata ɗafi irin na jesi, gansin Whitby, gansin Filey, jam'i kuma gansuna. A ambaton farko a rubuta gansi, rigar sanyin masuntan Birtaniya, daga nan sai a ci gaba da gansi kawai.

Saura wuri ɗaya da har yanzu yake da ƙura. Saƙa a Hausa ta haɗa aikin masaƙi a kan masaƙa, da na kwarashi, da wannan na tsinkaye. Na farko da na biyu suna da abin da ke bambanta su, na ukun ne ke yawo. Ni saƙar tsinke na kawo. Haka kuma maɗaukai, wato 'yan zoben zaren da ake ɗauka a kan tsinke, iri biyu da ake yin dukkan adon gansi da su, ɗaya mai fitowa sumul ɗaya mai fitowa da ɗan tudu, na so a ce saƙar gaba da saƙar baya. Hajiyoyinmu masu koyar da saƙar kayan sanyin jarirai, a nan ku ne alƙalai. In ɗaliba ta riƙe tsinke biyu kina so ta juya maɗauki, me kike ce mata?