Tangaran, silba ko melamin: wanne ya dace da gidan da ke da yara?

Maman Hanifa, Fadaman Mada, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in sake farantai da kwanukan cin abinci na gida gaba ɗaya. Mu bakwai ne, huɗu yara, ga baƙi ba sa yankewa. Cimarmu tuwo da miya, shinkafa da miyar manja, ranar Juma'a kuma masa da miyar taushe. Muna ɗumama abinci a maikirowef idan an kawo wuta. A kasuwar Wunti an nuna min tangaran, gilashi, silba da melamin, kowane mai shago na yabon nasa. Wanne ya fi ta wajen lafiya da ƙarko? Kuma yaya ake gane mai kyau kafin a biya?

Malam Sabo mai kwanuka:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki zuba kuɗinki a kan iri ɗaya, ki raba sayayyar gwargwadon zafin abincin da kuma hannun da zai riƙa ɗauka.

Na yara da na tuwon yau da kullum, silba ce, wato farin ƙarfen nan da ake kira stainless steel. Ba ta fashewa, ba ta riƙe wari, manja ba ya rina ta. Ki juya bayan kwanon ki nemi 18/8 ko 18/10 ko 304. A 18/8 da 18/10, lambar farko kason ƙarfen kuromiyom ne cikin ɗari, ta biyu na ƙarfen nikel, su ne ke hana tsatsa. Mai arha da ta cika kasuwa yawanci 201 ce, nikel ɗinta kaɗan ne, shi ya sa take fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa idan miya mai gishiri ta kwana a ciki. Gwajin maganaɗisu da ake yi bai isa ba: yana kama wata silbar mai lamba 430 sosai, amma 201 da 304 duka ba ya kama su yadda ya kamata, don haka ba zai raba miki su ba. Ki dogara da lamba da kauri. Matsa bakin kwanon da yatsu biyu, in ya lanƙwasa ki ajiye shi. Ki shafa gefen ma, wanda aka naɗe bakinsa ya fi, mai kaifi yana yankar yara wajen wanke-wanke.

Aibinta biyu. Zafi na ratsa ta nan take, sai a nemi mai bango biyu saboda hannun yaro. Sannan ba ta shiga maikirowef. Kuma kada a jiƙa ta a ruwan bilic, yana ci mata jiki.

Melamin kuwa, wanda ake tallarsa da cewa ba ya fashewa, roba ce mai tauri da aka haɗa da sinadarin fomaldihaid. Idan zafi ya haura digiri 70, musamman ga abu mai tsami, sinadaran kan fara sauka cikin abinci. Tuwon da aka kwashe yanzu daga tukunya ya wuce wannan zafin nesa ba kusa ba, haka kunun tsamiya. Don haka ki bar shi ga cincin, dabino, kankana, kwaɗon zogale da tiren kai wa baƙi. Maikirowef kam ko kusa. Da zarar ƙyallinsa ya dushe ko ya yi zane-zanen cokali, aikinsa ya ƙare.

Anti Bilki, Yelwa:

Malam Sabo ya yi daidai, sai dai tunda kina ɗumame a maikirowef dole ki sami tangaran ko gilashi, aƙalla dozin ɗaya na farantai da kwanukan miya shida. Ga gida mai mutum bakwai, saitin mutum shida ya yi kaɗan, guda ɗaya na fashewa ya gurgunce.

Tangaran ba ɗaya ba ne. Akwai na yumɓun da aka gasa a wajen digiri 1000 zuwa 1150, mai kauri amma mai rauni, jikinsa na shan ruwa. Akwai wanda aka gasa a digiri 1200 zuwa 1400, wanda ya narke ya haɗe har ruwa ba ya shigarsa. Ga yadda za ki raba su a shago. Ɗora farantin a kan yatsunki ki ƙwanƙwasa bakinsa da cokali: mai kyau zai yi ƙara mai tsawo, mai rauni ko mai ɓoyayyen tsagu zai yi "ƙwas" ya tsaya. Sai ki kifa shi ki ɗiga ruwa a zoben gindinsa inda babu ƙyalli. In ruwan ya shige ya bar duhu, wannan zai riƙa tsotsar mai da ruwan wanki, daga baya fuskarsa ta yi tsage-tsage sirara da ba sa wankuwa. Ki kuma jera guda shida a kan juna ki ga ko suna zama daidai, don wanda ya karkace a wuta yakan yi rawa a kan tebur.

Ni dai farin gilashin nan mara nauyi, irin na Luminarc da Arcopal na Faransa ko Corelle na Amurka, shi na fi ba mai yara shawara. An ƙarfafa shi da wuta, ba ya shan mai, ba ya cin wuri a kabad, yana jure faɗuwa fiye da tangaran. Amma ranar da ya fashe, musamman a kan tayil, tarwatsewa yake yi ƙanana-ƙanana, sai an share an bi da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda bakinsa ya ɓantare a cire shi, daga nan yake fara rauni. Mai zoben ruwan gwal ko azurfa kuma tartsatsi yake yi a maikirowef.

Baban Sadiq, Jahun:

Hajiya, a kula da zane. Gubar dalma na iya kasancewa a fentin ado na tangaran maras tabbas, an fi samunta a ja, ruwan lemo da rawaya, kuma abu mai tsami kamar tumatir, zoɓo da lemon tsami ne ke jawo ta. Yara ta fi yi wa illa. Shafa cikin farantin da yatsa: in kin ji tudun furen, an ɗora shi ne a saman ƙyallin, zai riƙa gogewa. A zaɓi wanda cikinsa fari ne, adon ya tsaya a waje.

Langa da samira na jere ƙarfe ne da aka lulluɓe da gilashi. Suna da kyau muddin ba su ɓantare ba, in cikin ya ɓantare tsatsa ta samu ƙofa. Kwanon alminiyon kuma ba ya shiri da kanwa ko tsamiya, baƙi yake yi ya yi ramuka. Robar da za ta ɗauki abu mai ɗumi, a duba lamba 5 ko PP a gindinta.

Maman Hanifa:

Allah Ya saka da alheri. Anti Bilki, wani saiti an rubuta bone china a bayansa, ya fi sauran tsada. Ya cancanci kuɗin? Sannan me ke cire farin dabbare-dabbaren da ruwan burtsatse ke bari a gilashi?

Anti Bilki:

Sunansa ne ya faɗi abin da ke ciki: ana haɗa yumɓunsa da tokar ƙashi, yawanci na shanu. Siriri ne, in kin ɗaga shi a rana za ki ga inuwar yatsunki ta baya, kuma yana da ƙarfi duk da rashin kaurinsa. Na fita kunyar baƙi ne da sallah, ba na hannun yara ba, kuma wani yana da zoben gwal da ba ya shiga maikirowef. In kuɗin ba su kai ba, farin tangaran mai kyau ya wadatar.

Dabbare-dabbaren kuma ma'adinan ruwa ne da suka bushe a jiki. Haɗa kofi ɗaya na ruwan khal da kofi uku na ruwan ɗumi, ki jiƙa minti 15, ki ɗauraye ki goge da busasshen tawul nan take. Soson waya na bayan tukunya ne, kada ya taɓa gilashi, tangaran ko melamin. Kuma farantin da ya fito daga firji a bar shi ya huce sanyi kafin a zuba masa miya mai tafasa, sauyin zafi farat ɗaya ne ke tsaga shi.