"Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya": goyon baya ne ko gori?

Ɗan Dala: Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a gidanmu jiya. Ƙanena ya yi karatun zane a Zariya, yanzu kullum bayan asuba sai ya hau soro da ɗan akwatin fentin ruwa da takarda iya tafin hannu, ya zana abin da ya gani. Yau Dala cikin hazo, gobe Goron Dutse, jibi hadarin gabas. Yaya ya ce wannan kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Hajiya ta ce a ƙyale shi, yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Yaron ya ji daɗi, Yaya kuma ya ce ai magana ta gaya masa. Wa ya fahimce ta?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Yaron ne da gaskiya. Fentin ruwa ba ya yafe kuskure. Farin takardar shi ne haskenka, in ka rufe shi ya tafi ke nan. Daga launi mai haske ake farawa a gangaro zuwa mai duhu, kuma in ya bushe sai ka ga ya fi yadda ka shafa shi haske. Yawan ruwan da buroshi zai ɗauka ba a koyonsa da baki, hannu ne ke sabawa. Turner, wani gwanin zane na Ingila da ya rasu a 1851, littattafan zane kusan 300 ya bari.

Mai Shayi: Malam, kafin allurar nan ta cim ma ruwa fa ita kanta ta cinye. Ni gargaɗi na ji a maganar Hajiya.

Uwar Biyu: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Kaɗi ne sana'arta. Bayan isha'i za ta kunna aci-balbal, ta jawo ƴar tasarta, ta dangwali alli da yatsu, ta murza mazari har dare ya raba. Ita ke gurzar audugarta, ita ke shiɓa. Ranar kasuwa a kai zaren, abin da aka samo ta ƙulle a bakin zane. Da shi ta sayi akuya, akuyoyi suka zama karsana, karsanar nan ita ta yi wa mahaifiyata kayan ɗaki. Da yadin kanti ya cika kasuwa masaƙa suka daina saye, amma ba ta ajiye mazari ba. Ƙwarya guda muka tarar cike da zare bayan rasuwarta. In an ce Inna wa zai saya, sai ta ce hannun da ya saba ba ya zama, ta ci gaba da abinta. Fatar babban yatsanta ta yi kanta, ko ƙaya ba ta shiga.

Ɗan Dala: Allah ya gafarta mata, Yaya. To ke nan kina bayan yaron?

Uwar Biyu: Amin. Ita dai ta ga karsana kafin kasuwa ta mutu. Shi me ya gani?

Baƙon Damagaram: Ya ga safiya mana, Hajiya! Mu da muke kwance har hantsi me muka gani?

Mai Shayi: Wanda muka zaɓa ma yau da goben yake yi. Rijiyar burtsatsen da ya yi mana alkawari ina jin da allura ake haƙa ta.

Ɗan Gashuwa: Namu gwanin fenti ne, a haɗa shi da yaron. In manyan baƙi za su zo sai a shafe bangon makaranta ta gefen titi, ciki ko benci babu.

Ɗaliba: Don Allah ni tambaya ce. Zanen ma ya halatta?

Malamin Firamare: Wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce masa in ya zama dole ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Yana cikin Bukhari da Muslim. Dutse da gajimare yaron ke yi.

Ɗan Gashuwa: Kuma ku sani abin da ke riƙe launin nan a takarda ƙaro ne, na dakwara, irin wanda ake tsinta a dajinmu na Yobe da Borno, da Chadi da Sudan. Shi almajirai ke sa wa tawada. A fita da shi a buhu, ya dawo mana a ɗan akwati da tsada.

Mai Shayi: Yau da gobe ƙaryar boka dai, ita ce tawa. In yaron gwani ne za a gani, in ba haka ba ma za a gani.

Baƙon Damagaram: Wannan ai wata maganar ce daban ka jawo.

Uwar Biyu: Ɗan Dala, ka je ka tambayi Hajiya mana, tana raye kuna ta fassara ta.

Ɗan Dala: Na tambaya. Ta ce in kawo mata goro tukuna.

Ɗaliba: Ni dai ka tambayar min shi yadda yake yi da hunturu, nawa kafin in haɗa launi biyu takardar ta bushe. Kuma a Kano ina ake samun takarda mai kaurin nan?