Harshe marar magaji ko harshe mai gargara?

Jama'a, ku taya ni nemo kalma. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a Samaru sai na cije a kan abin da Bature ke kira endangered language. Malamanmu sun riga sun ba mu kalmomi irin su ilimin furuci da tsarin sauti, amma wannan har yau a rediyo sai dai ka ji "harshen da ke fuskantar barazanar ɓacewa". Ta yi tsawo, kuma ba ta faɗi ciwon ba. Wa ke yin barazanar?

Na kai maganar wurin wani dattijon malaminmu a Tudun Wada. Ya ce, "Ɗana, ai mai gargara ne." Na ce, "Allah gafarta Malam, gargara ai sai an kai gaɓar mutuwa." Kalmar ta dace da harshen Sheni na ƙasar Lere, wanda tsofaffi 'yan ƙalilan suka rage masu jin sa. Amma akwai harshen da dubban mutane ke yi a gona da kasuwa, alhali ciwon ya riga ya kama shi.

Na gani da idona a kasuwar Samaru. Wata tsohuwa mai sayar da doya tana ƙirga canji da yarensu, ta juya ta yi wa jikarta magana, yarinyar ta amsa mata da Hausa: "To, Kaka." Ta ji, amma bakinta ba ya iya mayarwa. Haka harshen Ajawa ya tafi a ƙasar Bauchi tsakanin 1920 da 1940, masu shi suka koma Hausa. Harshen Kubi ma haka. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa samun sunan abin, tunda harshenmu ne ke haɗiye su.

A ma'aunin lafiyar harshe da masana suka tsara wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2003, tambaya ta farko ita ce ko yara na karɓar harshen daga iyayensu. Shi ya sa na tsaya a kan harshe marar magaji. Kowa ya san gidan da ba magaji: mai gidan na nan da ƙarfinsa, amma an san inda aka dosa.

Malam ya yi shiru, can ya ce a riƙe biyun, a ƙara na uku: marar magaji idan yara sun saki, mai gargara idan tsofaffi kaɗai suka rage, matacce idan an binne na ƙarshe. Da su zan shiga aji ranar Litinin. 'Yan'uwa na Bauchi da Filato, ku da abin ya fi shafa, ya kuka ji su a kunne?